Zaman Suna da Aikatau da Wakilin Suna a Jimlar Turanci

Na san wani zai yi mamaki ya ce, me ya kawo zancen Turanci a filin Hausa na wannan mujalla tamu? To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe. Abin da nake so in nuna shi ne, galibin kurakuran da mu Hausawa muke yi a Turanci ba rashin ƙwaƙwalwa ke jawo su ba. Dokokin Hausa ne muke ɗauka mu shiga da su gidan Turanci ba tare da mun sani ba. Saboda haka wanda ya san nahawun harshensa, shi ya fi saurin gane inda Turancinsa ke ɗingishi.

Ni ma da kaina ba a banza na gane haka ba. Lokacin da na zo Kazaure daga ƙauyenmu na ƙasar Roni na shiga aji huɗu, aikin farko da malamin Turanci ya ba mu shi ne kowa ya rubuta labarin gidansu. Na zage na cika shafi biyu, ina ganin ba wanda zai kamo ni. Da aka dawo mana da littattafai, sai na tarar da nawa ya yi jajawur da jan biro, kamar an yanka zakara a kansa. Jimlata ta farko ita ce: "My father he is a farmer and my mother she sell groundnut oil." Malam ya soke "he", ya soke "she", ya ƙara "s" a jikin "sell". Na bi shi ofis na ce, "Allah gafarta Malam, in an cire waɗannan ai jimlar ta zama tsirara." Sai ya yi murmushi ya ce, "Kai yaro, ai Hausa ka rubuta mini, kalmomin ne kawai na Turawa."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Kuma abin ba na wasa ba ne, domin kowa ya san halin da ake ciki. Ko jarrabawar WAEC ce, wadda aka kafa hukumarta tun 1952, ko ta NECO, wanda bai sami kiredit a Turanci ba hanyarsa ta shiga jami'a ta toshe, ko da kuwa ya yi fintinkau a lissafi da kimiyya. Jarrabawar JAMB ma Turanci dole ne a kan kowa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu nan cikin Kazaure, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Abin takaici ne a ce makaranta tana ƙofar gidanka, amma harafin "s" guda ya hana ka shiga.

Kafin mu yi nisa, bari mu tuna kalmomi uku da muka koya a darasin Hausa. Suna shi ne kalmar da ake kiran mutum ko wuri ko abu da ita, kamar Audu, Gwiwa, gero. Aikatau shi ne kalmar da ke nuna aiki, kamar tafi, zauna, saya. Wakilin suna kuwa shi ne kalmar da ke tsayawa a madadin suna, kamar shi, ita, su. Kowane harshe yana da irin zaman da waɗannan ukun suke yi a jimla, kuma nasu na Turanci ya sha bamban da namu.

Ba a haɗa mai gida da wakilinsa

A Hausa muna cewa: Audu ya zauna, Binta ta zauna, yara sun zauna. Ka duba da kyau, "zauna" ba ta motsa ba, ko namiji ne ya yi aikin, ko mace, ko jama'a. Abin da ke sauyawa shi ne 'yar kalmar nan da ke gaban aikatau, wato ya, ta, sun. Wasu malaman nahawu suna kiranta zagin aikatau, kuma sunan ya dace, domin kamar yadda zagi ke tafe a gaban dokin sarki, haka take tafe a gaban aikatau kullum. In ka kore ta ka ce "Audu zauna", to ka daina ba da labari, ka koma ba Audu umarni ke nan.

Turanci kuwa ba ya son zagi. Dokarsa ita ce, in hakimi ya halarci taro da kansa, wakili ba shi da kujera. Ko dai ka ce "Audu sat down", ko ka ce "He sat down", amma ba a haɗa su biyu a wuri ɗaya. Wannan shi ne asalin "my father he is" da na rubuta. Kunnena na Bahaushe ne ya ji jimlar ba ta cika ba sai da zagi.

Akwai kuma wani aiki da zagin nan yake yi mana, shi ne nuna lokaci. Muna cewa ya zauna, zai zauna, yakan zauna. A Turanci wakilin suna ba ruwansa da lokaci, aikatau ne ke ɗaukar wannan kaya: "he sat", "he sits", "he will sit". Shi ya sa za ka ji ɗalibi ya ce "Yesterday he go to Babura", domin a ransa ya riga ya fassara "ya" da "he", yana ganin ya gama nuna cewa abin ya wuce. Alhali kuwa "he" ba ta faɗi kome game da jiya ba, sai an ce "went".

Hula ɗaya, mutum biyu

Yanzu sai batun "s", wadda ta fi kowane harafi cinye mana maki. Abin da ke rikita mu shi ne aikinta biyu ne masu karo da juna. In ta hau wutsiyar suna, jam'i take nunawa. In ta hau wutsiyar aikatau, tilo take nunawa. Dubi waɗannan:

"The boy plays football."
"The boys play football."

Dabarar da na yi wa kaina ita ce, na ɗauki "s" kamar hula ɗaya tsakanin wa da ƙane. In suna ya sa, aikatau ya tafi kai ba hula. In suna bai sa ba, aikatau ya sa. Ba su sawa tare. Wannan dabara tana aiki ne a lokacin da ake zancen abin da aka saba yi ko abin da yake haka kullum, kuma mai aikin ya zama shi, ko ita, ko wani abu guda.

Sai dai a yi hattara a wurare uku. Na farko, akwai sunayen da jam'i ne amma ba su da "s", kamar "children", "men", "women", "people". Su ma aikataunsu ba ya sa hula: "The children play." Na biyu, "I" da "you" ba su ba aikatau hula, ko da yake mutum ɗaya ne. Na uku, in mataimaki irin su "does", "can", "will", "must" ya shigo, to aikatau ya koma yadda yake tun asali. Ana cewa "She does not sell oil", ba "does not sells" ba, domin "does" ta riga ta sa hular. Haka nan "Did he go?" ake cewa, ba "Did he went?" ba, domin "did" ta riga ta nuna lokaci, ba a biyan kuɗin mota sau biyu.

Nemo mai gidan jimla

A nan kuwa Hausa taimakonmu take yi, in mun saurare ta. Sau da yawa mai aiki ba kalma ɗaya ba ce, jerin kalmomi ne, sai ɗalibi ya kama wadda ta fi kusa da aikatau ya bi ta. Alal misali ya rubuta "The bag of groundnuts are heavy", don ya ga "s" a jikin "groundnuts". To, tambayi kanka da Hausa. Buhun gyaɗa yana da nauyi muke cewa, ko tana da nauyi? Kowa ya san "yana" ne, ko da yake gyaɗa tamace ce, domin buhu ake zance. Haka dokar take a Turanci: "The bag of groundnuts is heavy."

Haka kuma muna cewa ɗaya daga cikin yaran ya zo, ba sun zo ba. Turanci ma "One of the boys has come." Muna cewa kowa ya zo, ko da mutum ɗari ne, Turanci ma "Everybody has come." Har ma inda muke da zaɓi, su ma suna da shi. Bahaushe yakan ce jama'a ta taru, yakan kuma ce jama'a sun taru. Mutanen Ingila ma sukan ce "The committee has agreed" in sun ɗauki kwamitin a dunƙule, su ce "have agreed" in mutanen da ke ciki suke nufi. Ka ga ashe ba ko'ina ne harsunan biyu suke faɗa ba.

Namiji da tamace da na ukunsu

A Hausa kowane suna tilo ko dai namiji ne ko tamace, ko yana da rai ko ba shi da shi. Mota ta lalace, keke ya lalace. Rana ta fito, wata ya fito. Sunayen garuruwa tamata ne, shi ya sa muke cewa Kazaure ta cika, Roni ta yi sanyi. Turanci kuwa yana da na uku, wato "it", wanda ake ba duk abin da ba mutum ba. Don haka "The car, she has broken down" kuskure biyu ne a haɗe, ga zagi ga kuma jinsin da ba a nema ba.

Wani abokina ɗan Babura, wanda danginsa ke tsallaken iyaka cikin ƙasar Nijar, ya taɓa ce mini 'yan'uwansa masu karatu da Faransanci ba su da wannan matsala ta "it", amma suna da tasu. Faransanci jinsi biyu gare shi kamar Hausa, sai dai ba kullum suke dacewa ba. A wurinsu rana namiji ce, wata kuma tamace. Larabcin da muke koya a Islamiyya kuwa ya dace da mu, rana tamace, wata namiji. Abin mamaki, tsohon Turanci na shekara dubu da suka wuce shi ma haka yake, kowane suna da jinsinsa, rana tamace, wata namiji. Sannu a hankali ne ya zubar da wannan tsari a ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, shekarar da Normandawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Harshe dai abu ne mai sauyawa. Mu ma nan gida, akwai karin harshen da bai matsa wa bambancin namiji da tamace ba, kamar na wajen Zazzau da Bauchi.

Inda Turanci ya fi mu wakilan suna ke nan. Amma akwai inda muka fi shi. Muna da kai, da ke, da ku, shi kuwa "you" kaɗai gare shi. A da yana da "thou" don mutum ɗaya, "you" kuwa ta jam'i ce da girmamawa, kamar yadda wasunmu kan ce wa babba "kun tashi lafiya?" Daga baya, wajen ƙarni na 17, "thou" ta fita daga maganar yau da kullum. Shi ya sa har gobe ake cewa "you are" da "you were" ko da mutum ɗaya kake yi wa magana. Ba a cewa "you was".

Na wane ne, ba mene ne ba

Kuskuren da ya fi ba da kunya shi ne na "his" da "her". Na taɓa jin wata ɗaliba a wajen muhawara ta ce "Binta went with his father", jama'a suka fashe da dariya, ita kuwa ba ta san laifinta ba. A ganinta uba namiji ne, don haka "his" ta dace.

Dalili yana cikin Hausa. In mun ce gidansa, motarsa, gidanta, motarta, alama biyu muke sawa a kowace kalma. Ta farko, wato "n" ko "r", abin da aka mallaka take dubawa: gida namiji, mota tamace. Ta biyu, wato "sa" ko "ta", mai abin take dubawa. Turanci ba shi da ta farko sam. Mai abin kawai yake tambaya. In Binta ce, kome nata "her" ne: "her father", "her brother", "her book". In Audu ne, kome nasa "his" ne, har mahaifiyarsa: "his mother". Sa'an nan a tuna jerin ya juya. Mu mukan fara da abin, mu ce littafin Audu. Su sukan fara da mai abin, su ce "Audu's book".

Wakilin da ya biyo baya

Akwai wani wuri kuma da muke cusa wakilin suna inda ba a gayyace shi ba. Muna cewa mutumin da na yi magana da shi, da kuma gidan da muke kwana a cikinsa. A Hausa in ka cire "shi" ɗin nan jimla ta karye. Sai mu kwashe shi mu kai Turanci mu ce "the man I spoke to him". Daidai shi ne "the man I spoke to", ko "the man to whom I spoke". Haka nan matar da ɗanta ya ci jarrabawa ba "the woman who her son passed" ba ce, "the woman whose son passed" ce. Dokar dai ita ce ta farko: tun da mutumin yana nan cikin jimla, ba ya bukatar wakili.

Sai kuma "an" da "ana", waɗanda Turanci ba shi da kamarsu. In aka aiko yaro ya ce "They are calling you", sai baƙo ya waiga yana neman taron mutanen da ke kira. Abin da yaron ke nufi shi ne ana kiranka, wato "You are wanted", ko "Someone is calling you". An sace kekena kuwa shi ne "My bicycle has been stolen." Ana ruwa shi ne "It is raining", domin jimlar Turanci ba ta yarda kujerar mai aiki ta zauna wayam, ko ba kowa sai an ɗora "it" a kai.

Haka nan a lura da yadda aikatau ke karɓar wakilin suna a bayansa. Ana cewa "give me" da "tell me" kai tsaye, amma "say" da "explain" sai da gada: "say to me", "explain to me". Mu kuwa da yake gaya mini, ce mini, bayyana mini duk hanya ɗaya suke bi, sai mu yi musu kuɗin goro. Haka "ara mini biro" ke komawa "borrow me your pen", alhali mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa ne ke yin "borrow".

Abin ƙirge da abin awo

Bahaushe yakan ce littafi uku, mota biyu, shekara goma, bai damu da jam'i ba tun da ƙidaya ta riga ta faɗi adadi. Turanci kuwa sai ya maimaita: "three books", "two cars", "ten years". Amma fa akwai sunayen da ya ɗauka abin awo ne kamar gero a mudu, ba abin ƙirge ba, kuma ba su karɓar "s" ko kaɗan. Daga cikinsu akwai "advice", "information", "furniture", "luggage". Mu muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, shi ya sa hannunmu ke ƙaiƙayin ƙara musu "s". Kuɗi ma mukan ce sun ƙare, domin asalin kalmar jam'in wuri ce, tun zamanin da ake ciniki da wuri. A Turanci kuwa "money" tilo ce: "The money is not enough." Kalmar "news" ma, duk da "s" da ke wutsiyarta, "The news is good" ake cewa.

Abin da nake yi yanzu

Tun daga ranar da Malam ya yi mini waccan magana, in na gama rubutu ba na miƙawa sai na bi kowace jimla da tambaya huɗu. Wane ne mai aikin, kuma na haɗa shi da wakilinsa ne? Tilo ne ko jam'i, wa ya sa hula? Aikatau ya nuna lokacin da nake nufi? Kowane "his" da "her" da "it", ga wa yake komawa? Wannan ba ya cin minti goma a ɗakin jarrabawa. Mu huɗu muke yi a ɗakin kwananmu, har da wani ɗan Gwiwa da ya fi mu duka kaifin ido, kowa ya duba littafin ɗan'uwansa bayan sallar isha'i. Ba zan ce jan biro ya rabu da ni ba, amma yanzu zakaran da ake yankawa a littafina ya koma ɗan tsako.

Shawarata ta ƙarshe ita ce, kada mu raina darasin Hausa muna cewa ai yarenmu ne. Iya magana daban, sanin dokar maganar daban. Manyan malamai sun yi wa nahawun Hausa hidima, kamar Farfesa M.K.M. Galadanci wanda littafinsa na nahawu ya fito a 1976, kuma abin da malamanmu ke koya mana daga irin waɗannan ayyuka shi ne madubin da za mu riƙa ganin Turancinmu a ciki. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda bai san dalilin da ya sa yake cewa "Audu ya tafi" ba, da wuya ya gane dalilin da ya sa aka hana shi cewa "Audu he went".